Yadda Ake Kewaye Gonar Tuffa da Shingen Barewa Ba Tare da An Toshe Mata Hanya Ba

A hunturun farko da na yi ina aiki a wata gonar tuffa a gundumar Wayne, kudu da Tafkin Ontariyo a jihar Niyok ta Amurka, mai gonar ya tura ni da sassafe in leƙa sabon dashen da aka yi a watan Afrilu. Na tarar da layi huɗu na gefen daji kamar an saki garken awaki a kansu. Duk toho daga gwiwata zuwa kafaɗata babu shi. Na dawo na ce masa zomaye sun yi mana ɓarna. Bai ce uffan ba. Ya kai ni gindin itace ɗaya, ya lanƙwaso reshe ya nuna mini bakinsa: a yage yake, da zare-zare, kamar rake da aka tsinke da hannu. Zomo yana da haƙori sama da ƙasa, yankansa kamar na aska ne, a karkace. Barewa kuwa kamar akuya take, ba ta da haƙoran gaba a sama, sai ta danne reshe ta fizge. Darasina na farko ke nan.

Barewar da nake nufi ita ce mai farar wutsiya ta gabashin Amurka, ba irin tamu ba. Ta fi tamu girma, kuma kishiminta ƙahonsa rassa ne da shi, yana faɗuwa duk shekara a ƙarshen hunturu wani ya tsiro. Wajen shekarar 1900 farauta ta kusa ƙarar da su, abin da ya rage a duk ƙasar bai wuce rabin miliyan ba. Yau ana ƙiyasin sun kai miliyan 30, ga shi kyarkeci da damisar dutse da ke rage su an daɗe da kawar da su daga gabas. Ita kuma gonar tuffa ta sauya. Da can manyan itatuwa ake shukawa, barewa ta ci na ƙasa ta bar na sama. Yanzu gajerun itatuwa ake dasawa a jere jikin waya, kusan dubu a eka ɗaya, tsarin da masanan Jami'ar Cornell suka yaɗa a jihar. Rassan da za su fara ba da 'ya'ya duk suna daidai bakin barewa. Dare biyu ko uku sun isa ta mayar da kai baya shekara guda.

Maganin da ya tabbata shi ne shinge. Amma ka riƙe wannan tun yanzu: shinge ba ya rage barewa ko ɗaya, hanya kawai yake sauya mata. In ba ka tsara inda za ta bi ba, ita za ta tsara, kuma ko dai ta ƙarƙashin wayarka, ko gonar maƙwabcinka, ko kan titi.

Mataki na farko: karanta sawu kafin ka sayi ko ƙusa

Yawancin mutane da awon iyakar gona suke farawa. Ni da sawu nake farawa, kuma ina ba wannan aikin wata guda ko fiye.

Ka fita washegarin da sabuwar dusar ƙanƙara ta sauka, ko bayan ruwan dare lokacin da ƙasa ke da laushi. Ka riƙe taswirar gonar, ko hoton sama da ka buga daga intanet, da biro ja. Ka zagaye gonar ta waje, ba ta ciki ba. Abin da kake nema guda uku ne: inda suke kwanciya, inda suke ci, da hanyar da ta haɗa su. Makwanci yakan kasance cikin sarƙaƙiya, gindin itatuwan da ba sa zubar da ganye, ko fadama mai dogayen ciyayi. Za ka ga gurbi a lotse, girman ƙaramar tabarma. Hanya kuwa siririya ce, faɗinta bai fi tafin hannu biyu ba, ga kashi ƙwaya-ƙwaya kamar na tumaki. Duk inda hanya ta ratsa iyakarka, ka sa alama. Inda hanyoyi biyu ko uku suka haɗu, ka zagaye shi da ja sosai. In kana da kyamarar da ake ɗaurewa jikin itace mai ɗaukar hoto da motsi, nan za ka ɗaura ta. Za ta gaya maka su nawa ne, da ƙarfe nawa suke wucewa, kuma ina suka dosa. Yawanci da magariba ne da kuma goshin asuba.

Dalilin wannan wahalar shi ne barewa mai riƙon al'ada ce. Macen tana rayuwarta gaba ɗaya a fili ɗan kaɗan, sau da yawa bai kai murabba'in mil ɗaya ba, kuma 'ya'yanta mata kan kafa nasu wurin ne a jikin na uwarsu. Hanyar da ka gani yau, kakarta ta bi ta. Akwai abin mamaki a kan iyakar Jamus da ƙasar Cek. Zamanin yaƙin cacar baka an ja shinge mai wutar lantarki ta tsakiyar dajin da ke tsakanin ƙasashen biyu, aka cire shi bayan 1989. Masu bincike a gandun dajin Šumava na ƙasar Cek suka saka wa jajayen bareyin wurin na'urar bibiya a wuya, sai suka tarar shekara ashirin da ɗoriya bayan cire shingen, mafi yawansu, musamman mata, suna zuwa tsohon layin su juya. Alhali babu ko ɗaya cikinsu da ta ga wayar da idonta, don tsawon ransu bai cika wuce shekara 15 ba. Uwa ce ta koya wa 'ya, 'ya ta koya wa jika. Bahaushe ya riga ya faɗa, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Shingen da za ka kafa zai zana wa bareyin unguwarku taswirar da za su riƙe har bayan wayar ta yi tsatsa.

Mataki na biyu: ja layin a takarda

Fara da lissafi, don nan kuɗi ke tafiya. Hekta ɗaya mai kusurwa huɗu daidai tana cin shinge mita 400. Hekta huɗu a dunƙule mita 800, wato 200 kowace hekta. Hekta 16 mita 1,600, wato 100 kowace hekta. Saboda haka duk wanda ya riƙe biro zai so ya haɗe komai cikin shinge ɗaya, har ya jawo maƙwabci su yi tarayya. Lissafin daidai ne, sai dai bai san da barewa ba. Dogon bango da ya datse tsakanin makwanci da ruwa, ko tsakanin dazuzzuka biyu, shi ne wanda ake ta gyara har abada.

Dubi jan biron nan naka. In babbar hanya ta ratsa tsakiyar gonar, galibi tana bin rafi ne, ko kwari, ko jerin itatuwan kan iyaka, wuraren da dama ba ka shuka komai. Ka raba gonar gida biyu, kowanne da shingensa, ka bar musu wannan zirin su wuce. Wanda ya tashi a karkarar ƙasar Hausa ba sai an yi masa dogon bayani ba: burtali ne. Mun san abin da ke biyo baya in manomi ya cinye burtali. A ganina zirin ya zama mai faɗi, mita gommai ba mita biyar ba, kuma a bar masa ciyayi da sarƙaƙiyarsa. Lungu siriri tsakanin wayoyi biyu tarko ne. Karnuka ko koyoti, wani dangin dila na can, su rutsa barewa a ciki ta rasa wurin kaucewa ta afka wa wayar.

Sai maganar titi, wadda ita ce ta rai. Shinge yana tara bareyi ya zubar da su a inda ya ƙare. Masu aikin manyan hanyoyi sun daɗe da sanin haka. A gandun dajin Banff na Kanada an kewaye babbar hanya da shinge mai tsayin mita 2.4, tsawon kilomita 82, aka gina wa dabbobi mashigai 44, shida ta sama, 38 ta ƙasa, karon mota da namun daji ya ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari. Shinge da mashiga tare suka yi wannan aikin. Kai ba ka da kuɗin gina wa barewa gada, amma kana iya zaɓar inda kusurwarka za ta faɗa. Kada ta faɗa a kan kwana, ko bayan tudu inda direba ba ya hangen gaba. Kuma kada ka manne shingen a bakin kwalta: barewar da ta tsallako titi ta ci karo da bango, kan titin za ta koma. Ja baya, ka bar mata wurin tsayawa.

Ta ciki ka bar mita takwas zuwa goma tsakanin ƙarshen layin itatuwa da waya, don tarakta da injin feshi su juya. Ka rage kusurwoyi gwargwadon iko, kowace kusurwa kuɗi ce. Kusurwar da ta lotsa ciki kamar bakin mazurari kuwa ka guje ta, nan barewa a firgice ke matsewa ta yi tsalle.

Kafin ka bar takarda, ka je ka sami maƙwabci da taswirar a hannunka. Zan dawo kan wannan.

Mataki na uku: wane irin shinge

Iri uku ne a kasuwa, kuma ba zan ɓoye wanda nake so ba.

Ragar waya mai ƙarfi, tsayi ƙafa takwas, wato mita 2.4. Ita ce ta gaske. A shago za ka ga an rubuta mata lamba kamar 2096-6: layin kwance 20, tsayi inci 96, tazarar wayoyin tsaye inci shida. Naɗi ɗaya ƙafa 330 ne, kusan mita 100. Ka nemi mai ƙulli kafaffe wanda ba ya zamewa, ba mai naɗaɗɗen ƙulli na shingen tumaki ba. Tana da tsada ranar saye, amma tana kai shekara ashirin zuwa sama. Ga gonar da aka zuba wa dukiya a dashe, araha ba ta ado.

Ragar roba baƙa tana da sauƙin kuɗi da sauƙin ɗaurawa. Ta yi wa lambun bayan gida. A babbar gona zomo da sauran masu haƙori suna huda ta ta ƙasa, barewa ta sa kai ta faɗaɗa.

Sai na lantarki. Shi ba bango ba ne, tsoro ne. Barewa na iya ƙetare shi duk lokacin da ta ga dama, abin da ke hana ta tunawa da zafin da ta sha. Don haka dole ta sha shi a hanci, domin gashinta na hunturu mai rami ne a ciki, yana tare wuta. Dabarar da manoman can ke yi ita ce a naɗe 'yar takardar alminiyam a jikin wayar, a shafa mata markaɗaɗɗiyar gyaɗa, irin wadda muke kunu da ita. Barewa ta zo ta lasa, jiki magayi. Ana son ƙarfin wutar ya kai bolt 4,000 zuwa 5,000, da sandunan ƙarfe uku da aka kafa a ƙasa mai danshi, kowanne kusan mita biyu, tazarar mita uku tsakaninsu. In ƙasa ta daskare ko dusar ƙanƙara ta rufe ta, wutar ba ta komawa ta ƙafar dabba, sai a jera wayoyin ɗaya mai wuta ɗaya ta ƙasa. Akwai kuma mai layi biyu, gaba da baya da tazarar kusan mita ɗaya, da mai waya bakwai a kishingiɗe. Duka suna cin ribar raunin idon barewa wajen auna zurfi. Suna aiki a ƙaramar gona, ko inda bareyi ba su yi yawa ba. Amma ranar da ka ja wayar, ranar za ka kunna ta, kuma ba ka kashewa. Barewar da ta shiga sau ɗaya wuta a kashe ta gama raina shi. Yunwar watan Fabrairu ma takan fi tsoron wuta ƙarfi.

Tsayi yana bin irin barewar ƙasar. A Birtaniya, inda ake da iri shida, babbar jar barewa tana buƙatar shinge mai mita 1.8, amma 'yar ƙaramar nan muntjak da aka kawo daga Sin, mai girman gada, ba tsayi ne matsalarta ba, idon raga ne: sai ya kasance santimita bakwai zuwa takwas, in ba haka ba ta kutsa.

Daga nan zan ci gaba da ragar waya.

Mataki na huɗu: fili da turaku

Tambayi hukumar garinku ko akwai dokar tsayin shinge, musamman a bakin titi. A Amurka ana kiran lamba 811 kwanaki kafin haƙa, a zo a yi maka alamar bututun gas da wayoyin ƙasa, kyauta ne.

Share layin, faɗin mita uku zuwa huɗu ta waje. Amfaninsa biyu: barewa ta hango shingen kafin ta iso da gudu, kai kuma ka samu hanyar zagayawa da mota. Duk mataccen itace da zai iya faɗowa kan waya ka sare shi yanzu. Ka baje tudun ƙasa da kututture da tarin duwatsu da ke kusa, domin matakala ne. A gangare, barewar da ke tsaye ta sama ta riga ta ci ƙafa ɗaya ko biyu daga tsayin shingenka, sai ka ƙara waya ɗaya ko biyu a sama. Haka inda iska ke tara dusar ƙanƙara. A bakin Ontariyo na ga tarin da ya mayar da shinge mai ƙafa takwas ya koma biyar.

Ƙarfin shinge duk yana kusurwa. Turakun itace masu magani, tsawon ƙafa 12 ko fiye, kaurin inci shida, ƙafa huɗu a cikin ƙasa. Zurfin nan ba ado ba ne: ƙasar can tana daskarewa ta kumbura ta tofo duk turken da bai wuce iyakar daskarewa ba. Wanda aka buga da inji ya fi wanda aka haƙa wa rami aka cike riƙo. A kowace kusurwa, kowane ƙarshe da kowane gefen ƙofa, za ka kafa turke biyu ka haɗa su da gungume a kwance ta sama, kamar harafin H. Tsawon gungumen ya kusanci ninki biyu na tsayin shingen. Gajere yakan sa turken kusurwa ya tumɓuke. Sannan ka ja waya a karkace daga gindin turken kusurwa zuwa saman na biyun, ka murɗa ta yi tauri. Mutane da yawa suna juya ta. In ka juya, ranar da aka ja raga za ka ga kusurwar ta sunkuya tana gaishe ka.

Ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, ka jera turakun tsakiya a kanta, mita biyar zuwa shida tsakani. Kowane tudu da kowane kwari ya samu turkensa.

Mataki na biyar: jan raga

Raga tana zama ta wajen turaku, ɓangaren da barewa za ta turo, don nauyi ya faɗa kan itace ba kan ƙusa ba. Ƙananan idanu ƙasa, manya sama. Warware naɗin a ƙasa, ka naɗe bakinsa a turken kusurwa, kowace waya ta zagaye turken ta ɗaure a jikin kanta. Haka ɗaya bakin. Sai a haɗu a tsakiya da matsen ƙarfe biyu da sarƙa, a ja a hankali har ragar ta miƙe tsaye da kanta. In ka lura, kowace wayar kwance tana da ɗan lanƙwasa tsakanin ƙulli da ƙulli. Shi ne ma'auninka: ka ja har ya miƙe kusan rabi, ka tsaya. Ragowar ita ce ke ba wayar damar ƙanƙancewa da sanyi, ta saki da zafi, ta kuma karɓi barewar da ta faɗo mata ta mayar da ita ba tare da ta tsinke ba. Kada ka ja da tarakta. Wayar nan in ta tsinke bulala ce, ka sa tabarau da safar hannu.

Ƙusa mai baki biyu kuma, a turakun tsakiya, ba a buga ta har ta danne waya. Ka bar ɗan sarari wayar ta riƙa zamewa.

Mataki na shida: ƙasa da ƙofa

Kowa sama yake kallo, alhali barewa ƙasa take nema. Tana iya tsallake ƙafa takwas in an kore ta, amma in tana cikin natsuwa ta fi son ta rarrafa. Ratar da ba ta fi taƙi ɗaya ba ta ishi babbar mace ta shige a kwance. Na ƙi yarda sai da na ga gashi fari da toka maƙale a wayar ƙasa, a bakin wani ɗan kwari da na ce ko kare ba zai wuce ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ka bi layin a tsugune. Raga ta taɓa ƙasa ko'ina. Inda akwai lotsawa, ka cike da dutse, ko ka ƙara guntun raga ka shimfiɗa shi waje kamar zani ka danne da ƙarfe. Inda shinge ya ƙetare rafi ko lambatu, a sa kwalbati mai ƙarafa a baki, ko ƙyauren da ke lilo, wanda ambaliya za ta ɗaga ya koma da kansa. Kada ka ɗaure ragar rafi da babban shingen; in ruwa ya kwaso itace, guntun kawai zai tafi da shi.

Ƙofa tsayinta ɗaya da shinge, ratar ƙasanta kada ta wuce faɗin tafin hannu, kuma a zuba tsakuwa ko kankare don tayar tarakta kada ta haƙa rami a wurin. Ƙarafan nan da ake shimfiɗawa a kan rami don hana shanu wucewa, na faɗin da aka saba, barewa tsallake su take yi. Amma babban ramin kowane shinge mutum ne. Direban da ya ce minti biyar zai yi ya fito, shi ne ke barin ƙofa har safe. Sa ƙofofi kaɗan, masu sauƙin rufewa da hannu ɗaya.

Daga ƙarshe ka ɗaura tsummoki farare a jikin ragar, daidai ƙirjinka, duk bayan mita uku, musamman inda jan biro ya nuna tsohuwar hanya. Barewa tana bin hanyarta da dare a guje, ba ta san an yi gini ba. A makonnin farko ne ake samun masu karyewar wuya. Bayan wata uku ko huɗu kana iya cirewa. A Sikotilan ma an gano shingen barewa na kashe manyan tsuntsayen daji masu tashi ƙasa-ƙasa, shi ya sa suke yi masa alama da sanduna ko raga mai launi.

Mataki na bakwai: ranar rufewa

Kada ka rufe daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuni. Lokacin haihuwa ne, kuma ɗan barewa a makonninsa na farko ba ya gudu. Uwar takan ajiye shi cikin ciyawa ta tafi kiwo, ya lafe ko motsi babu, kana iya wucewa taku biyu daga gare shi ba ka gani ba. Mu mun yi wannan kuskuren a wani sabon fili. Kwana biyu wata mace tana kai da kawo a jikin wayar ta waje, tana huci tana buga ƙafa, har ta fara haƙa turba. Wani abokin aikina ɗan Jamaika, wanda ya girme mu duka, shi ya ce a daina kallonta a duba inda take kallo. Muka samu ɗan a gindin layi na uku, duk ya yi laushi. Muka ɗauke shi muka ajiye ta waje cikin inuwa muka bar wurin. Da asuba babu shi babu ita.

Ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba ya fi: 'ya'ya sun yi ƙafa, kishimai kuma ba su fara goga ƙaho a jikin dashe ba, aikin da suke yi daga Satumba zuwa Nuwamba, wanda ke saɓule ɓawon ƙaramin itace ya kashe shi.

Ka bar gibi babba, mita ashirin ko fiye, a kusurwar da ta fuskanci daji. Tara mutane su jeru daga ɗaya ƙarshen, kowa yana ganin na kusa da shi, su taho a hankali suna magana. Ba ihu, ba kare, ba babur. Barewar da aka firgita ba ta ganin gibi, waya take faɗa wa. A yi sau biyu, sannan a rufe a ranar. Barewa ɗaya da ta rage a ciki ta fi goma na waje ɓarna, don ba ta da abinci sai itatuwanka. Saboda irin wannan, yana da kyau a tara ƙasa a wata kusurwa ta ciki ta zama gangare mai hawa, a rage tsayin shingen a wurin, ta waje kuma a yi masa bango a tsaye kamar mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Ta ciki tana hawa ta dira waje, ta waje ba ta iya hawowa.

Abin da zai biyo baya

Makonnin farko za ka ga turba ta fito a jikin shingen ta waje, kamar an ja ta da fartanya. Suna zagayawa ne suna gwada kowane taku. Ba sa ƙaura. Suna nan a unguwarsu, abincin da suka rasa a wurinka za su nema a mafi kusa. A wurinmu mafi kusa wata dattijuwa ce mai 'yar gonar furanni da kabewa a ƙetaren hanya. Watan farko ta zo har rumfar tattara kaya ta ce wa mai gonar, cikin ladabi amma fuska ba walwala, bareyinsa sun koma gidanta. Ya ce ai ba nasa ba ne. Ta ce shekara talatin a wurinsa suke cin abinci, in ba nasa ba ne na wa ne? Ƙarshenta ragowar naɗi biyu da muke da su a lambunta suka ƙare, mu ne ma muka ɗaura. Da an je mata da taswira tun farko, da kuɗin bai kai haka ba, da kuma an ci gaba da gaisawa da fara'a.

Dajin da ke kewaye ma yana ɗaukar nauyin: ƙananan itatuwa masu tasowa su ne abincin hunturu. Shi ya sa shinge ba ya maye gurbin farauta. Hukumar kula da muhalli ta jihar tana ba manoma izini na musamman na rage matan barewa, ƙari a kan lokacin farauta na Nuwamba, kuma mata ne ke ƙara yawan garke. In ka kewaye gona ka kuma hana mafarauta shiga dajinka, ka tura wa maƙwabta matsalar ne kacokan.

Ta ciki kuma wani abu na iya tasowa. Raga mai ƙananan idanu tana rage shigar yanyawa da koyoti, su ne kuwa masu cin ɓerayen ciyawa da zomaye. Ɓerayen nan a ƙarƙashin dusar ƙanƙara suke aiki, su gwaguye ɓawon gindin itace su zagaye shi, ba ka sani ba sai ƙanƙara ta narke. Ka yanke ciyawa ƙasa-ƙasa kafin hunturu, ka sa wa kowane dashe 'yar ragar gindi, ka kafa dogayen sanduna da shaho da mujiya za su riƙa sauka.

Shekarar farko ka zagaya shingen duk mako, da kuma washegarin duk wata iska mai ƙarfi. Ka riƙe filaya, guntun waya da ƙusoshi a aljihu. Idonka a wayar ƙasa, kana neman gashi da sabon rami; wani dabba mai haƙa kamar gafiya yakan buɗe, barewa ta faɗaɗa. Ranar da sabuwar dusar ƙanƙara ta kwanta, ka fara zagayen ta ciki. In ka ga sawu mai tsage biyu, kada ka bi shi gaba, ka bi shi baya, zai kai ka daidai inda ta shigo.